Kwanakin Bununi: Yadda Tsirrai Masu Fure Suke Hayayyafa

Duk wanda ya taɓa ɓare goyon masara ya tarar da giɓi a jikinsa, ƙwaya nan, fili can, ko saman totuwar ya fito tsirara babu ko ƙwaya ɗaya, ya riga ya ga abin da nake son yin bayani a kansa. Galibi akan ɗora wa taki laifi, ko a ce irin ne ba shi da kyau. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ɓarnar ta faru ne tun a 'yan kwanakin da masarar ta fitar da kai ta saki gemu. Kowane sili na gemun masara gurbin ƙwaya ɗaya yake kaiwa. Silin da bununi ya faɗa wa, gurbinsa zai cika. Wanda bai samu ba, haka gurbinsa zai zauna wayam har girbi, ko buhu nawa na taki aka zuba daga baya.

Tsiro mai fure yana da sashen namiji da na mace, kuma ba a samun iri sai sun haɗu. Hatsi, wake, gyaɗa, kuɓewa, mangwaro, dabino, duk ta wannan hanya suke zuwa mana. A ganina manomi da ɗalibi duka sun fi buƙatar fahimtar wannan mataki fiye da yadda ake ba shi muhimmanci, domin shi ne mafi gajarta a rayuwar shuka, kuma idan ya wuce ba a gyara shi.

Furen kuɓewa ya fi sauƙin dubawa, don yana da girma kuma komai nasa a fili yake. A waje akwai ganyayyaki masu ruwan ɗorawa da ja mai duhu a gindinsu. Aikinsu jawo ƙwari. A tsakiya akwai wani ɗan ginshiƙi da ƙananan jakunkuna suka lulluɓe, idan ka taɓa su gari zai maƙale maka a yatsa. Wannan garin shi ne bununi, jakunkunan kuma su ne sashen namiji. A can ƙolin ginshiƙin akwai kawuna jajaye masu laushi da ɗan danƙo. Nan ne bakin sashen mace, inda bununi yake sauka. Daga nan wani siririn wuya ya bi ta cikin ginshiƙin ya gangara gindin fure, inda mahaifa take. Tsaga mahaifar za ka ga 'yan ƙananan farare a jere. Su ne za su zama 'ya'yan kuɓewa, mahaifar kuma ita ce za ta miƙe ta zama kuɓewar da ake yankawa. Furen yakan buɗe da safe, kafin yamma ya yanƙwane. Duk abin da zai faru, a cikin wannan wuni zai fara.

Kafin a kai ga haɗuwar, akwai wani shiri da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin tsiro akwai wasu zaruruwa da ke ɗauke da gadon halaye, masana suna kiran su kuromosom. Masara tana da 20, dawa ma 20, gero 14, wake 22, shinkafa 24. Bibbiyu suke zuwa, rabi daga uwa, rabi daga uba. A cikin jakar bununi da cikin mahaifa ana yin wani rabo na musamman da ke mayar da adadin rabi, sai bununin masara ya fito da 10, ƙwan mace da ke cikin mahaifa ma da 10, idan sun haɗu a koma 20. A yayin wannan rabo zaruruwan uwa da na uba suna musayar guntaye a tsakaninsu, don haka da wuya ƙwayoyin bununi biyu su fito da gado iri ɗaya sak. Daga nan bambanci yake shigowa cikin zuriya: wannan zangarniya doguwa, waccan gajera, wannan ta jure fari, waccan ta kasa.

Ƙwayar bununi da ta sauka a bakin sashen mace tana shan danshi ta tsiro. Ba tafiya take yi ba, wani siririn bututu take fitarwa, ya huda ya bi wuyan furen yana tsawo har ya isa mahaifa. A masara wannan aiki ne babba, domin silin gemu yakan kai santimita 30 ko fiye, amma bututun yana ratsa shi cikin kimanin kwana guda. Wani masanin Italiya mai suna Giovanni Amici ne ya fara hango wannan bututu da madubin ƙara girma a shekarun 1820. Kuma ba da ka yake tafiya ba: kusa da ƙwan akwai ƙwayoyin halitta biyu masu fitar da sinadarin da ke kiran sa, abin da masu bincike a Japan suka tabbatar a 2001.

Abin da ya fi ban mamaki yana ƙarshen tafiyar. Bututun ba ƙwayar namiji ɗaya yake ɗauke da ita ba, biyu ne. Ɗaya ta haɗu da ƙwai, ta zama ɗan tsiron da zai fito idan an shuka. Ɗayar kuma ta wuce ta haɗu da wata babbar ƙwayar halitta da ke tsakiya, wadda take da kaso biyu na gadon uwa. Abin da ya fito daga wannan haɗuwa ta biyu ba ya zama tsiro. Guzuri ne da ake ɗaure wa ɗan tsiron, ya ci kafin ya yi saiwa da ganyen da zai ciyar da kansa. Sergei Nawashin ne ya gano wannan barbara mai hawa biyu a birnin Kiev a 1898, sai Léon Guignard na Faransa ya tabbatar da ita a 1899.

A dakata a nan, domin wannan guzurin shi ne abincinmu. Garin da ake tuƙa tuwo da shi, da wanda ake dama fura da kunu, da farar shinkafa, da fulawar burodi, kusan duka wannan sashe ne na ƙwayar hatsi. Ɗan tsiron kansa ƙarami ne, yana maƙale a gefe. Ruwan cikin kwakwa ma shi ne, bai dai daskare ba. A wake da gyaɗa kuwa ɗan tsiron yana shanye shi tun yana cikin kwanso, ya tara a ɓangarori biyun nan da suke rabuwa idan an ɓare. Hikimar tsarin a bayyane take: uwa ba ta fara zuba abinci a gurbi sai an tabbatar an yi barbara, don haka ba ta ɓarnatar da ƙarfinta a kan ƙwan da ba zai zama komai ba.

Wannan ne kuma ya warware wani abu da manoma suka saba gani. Mutum ya shuka farar masara zalla, maƙwabcinsa ya shuka ja, ranar girbi ya ga jajayen ƙwayoyi sun yi ɗigo-ɗigo a goyonsa. Ba a gauraya masa iri ba. Bununin maƙwabci ne iska ta kawo, kuma da yake cikin ƙwayar yana da kason uba, launin ya bayyana a wannan damina ba sai an sake shukawa ba.

Mutane sun yi aiki da wannan sani tun kafin a rubuta shi, kuma dabino ne ya koya musu. Bishiyar dabino ko dai namiji ce ko mace. Namijin ba ya 'ya'ya, macen kuma idan ba ta samu bununi ba sai ta yi 'yan ƙanana marasa ƙwallo da ba sa nuna yadda ya kamata. Tun dubban shekaru manoman Iraƙi da Masar da yankin Larabawa suke hawa bishiya, su yanko silin furen namiji, su cusa shi cikin dungun furen mace da zarar kubensa ya tsage, su ɗaure. Labarin nan sananne ne a hadisin da Muslim ya ruwaito: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga mutanen Madina suna wannan aiki, ya ce da sun bari ma zai yi, suka bari, dabinon bai yi kyau ba, da suka sanar da shi sai ya ce su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Har yau haka ake yi a Bilma da Ingal a Nijar, da gonakin dabino na Jigawa, inda cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, NIFOR, take da reshen binciken dabino a Dutse. Idan da hannu ake barbara, namiji ɗaya yakan wadatar da mata kusan 50. Wanda ya shuka ƙwallo kuwa, kusan rabin abin da zai fito maza ne, kuma ba zai gane ba sai bayan shekaru, ranar da suka yi fure. Shi ya sa masu sana'ar suka fi son cire 'ya'yan da suka tsiro a gindin uwar da aka san daɗinta.

A Turai sai a 1694 aka tabbatar da batun ta hanyar gwaji. Rudolf Camerarius, malami a Tubingen ta ƙasar Jamus, ya cire furannin maza daga zurman, ya yanke gemun masara, ya ga babu irin kirki da ya fito.

Tsirrai ba su bi tsari ɗaya ba wajen wannan haɗuwa. Wasu da kansu suke yi wa kansu barbara. Shinkafa, alkama, wake da gyaɗa suna cikinsu. Bununin fure yana faɗawa a kan sashen macen wannan furen, wani lokaci tun kafin ya gama buɗewa. Shi ya sa mai wake zai ajiye irinsa shekara da shekaru bai ga ya sauya sosai ba. Gyaɗa ma ta ƙara da wani abu nata: bayan barbara a sama, gindin furen yakan fitar da tsinke ya sunkuya ya nutse cikin ƙasa, a can cikin duhu kwanson yake girma. Idan ƙasa ta yi tauri a wannan lokaci, tsinken ba zai shiga ba, furen ya tashi a banza. Dawa ita ma mafi yawa kanta take yi wa, da ɗan abin da iska ke kawowa daga gefe.

Wasu kuma an gina su ne yadda za su guje wa kansu. A zangarniyar gero, fararen silin mace ne suke riga fitowa, sai bayan kwana biyu ko uku bununin wannan zangarniyar ya biyo, lokacin da na maƙwabta ya riga ya sauka. Masara ta raba su a jiki: namiji a ƙoli, mace a kuiɓi. Kabewa, kankana, gurji da duma suna da fure iri biyu a yaɗo ɗaya, kuma gane su ba wuya: na mace yana da ɗan ƙullutu a gindinsa, na namiji ba shi da shi. Mutane da yawa sukan damu idan suka ga furannin farko na kabewa suna zubewa babu ɗa, alhali maza ne, su suke riga fitowa, kuma dama ba za su haifi komai ba. Dabino, giginya da goruba sun raba jinsi bishiya-bishiya. Gwanda tana da uku: namiji mai dogayen silin fure, mace, da mai haɗe da duka biyun. Akwai ma tsirran da bakin sashen macensu yake gane bununin jikinsa ya hana shi tsirowa.

Me ya sa duk wannan wahala? Domin tsiron da ya saba barbara da waninsa, idan aka tilasta masa yi da kansa, zuriyarsa lalacewa take yi. Gwada da masara: ka rufe ta ka riƙa ba ta bununinta tsara bayan tsara, za ka ga tana gajarcewa, goyon yana ƙanƙancewa. Munanan halayen da suke ɓoye ne suke haɗuwa daga ɓangarori biyu su fito fili. Amma a 1908 George Shull a Amurka ya nuna cewa idan aka ɗauki irin waɗannan raunanan zuriyoyi guda biyu mabambanta aka haɗa, 'ya'yansu na farko sukan fito da ƙarfi da yawan amfani har su zarce na asali. Tushen iri mai aure ke nan, wanda kamfanoni ke sayarwa. A gonar samar da shi akan jera layukan uwa da na uba, a bi a fizge kan duk na uwa kafin ya saki bununi, don kada wani ya yi mata barbara sai uban da aka zaɓa.

Ana yawan zargin cewa an yi wa irin nan wani abu ne don kada ya sake yin kyau, manomi ya dawo saye. Gaskiya ne kamfani yana amfana da dawowar manomi kowace shekara, kuma tsadar iri abin kuka ce. Amma raguwar ba ƙulli ba ce. Rabon kuromosom ɗin nan ne yake sake watsa halayen da aka tara, sai jikoki su fito barkatai, wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Gregor Mendel ya bayyana dokar tun 1866 da gwajin wake irin na Turai. Abin da ya kamata manomi ya tambaya a wurin saye shi ne: wannan mai aure ne ko wanda ake iya ajiyewa? Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana fitar da nau'o'in masara masu suna SAMMAZ, kuma akwai kowanne a cikinsu. Wanda ake ajiyewar ma sai an zaɓi iri daga tsakiyar gona, nesa da bununin maƙwabta.

Tsiro ba ya tashi daga inda yake, dole wani ya kai masa saƙo. Hatsi irin su masara da gero iska suka dogara da ita, shi ya sa furensu ba ƙamshi ba ado, sai yawan bununi. Kan masara ɗaya yana sakin miliyoyi. Saboda haka ne masarar da aka shuka layi ɗaya tal a bakin katanga take yawan giɓi, wadda aka shuka a dunƙule kuwa take cika. Sauran tsirrai dabbobi suke ɗauka aiki, su biya su da ruwan zaƙi da bununi. Wani ƙiyasi na 2011 ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 na tsirrai masu fure da taimakon dabbobi suke barbara. Ƙudan zuma ne kan gaba, amma ba su kaɗai ba ne. Furen kuka fari ne, da dare yake buɗewa yana reto a ƙasan reshe, jemagu ne manyan baƙinsa. Jajayen tuntun ɗorawa ma da dare jemagu suke zuwa musu, ƙudan zuma su biyo da sassafe. Mai son kalwa da garin kuka yana da dalilin barin jemage ya rayu. Furen mangwaro ƙudaje suna cikin masu yi masa aiki. Ɓaure furanninsa a cikin ɗan suke, a rufe, sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro ne yake kutsawa ta ƙaramar ƙofa ya kai bununi ya yi ƙwai a ciki. Ƙananan ƙwarin da ake gani idan an tsaga ɓaure su ne. Darajar irin waɗannan ƙwari ta fito fili a Malesiya. Da suka kai kwakwar manja can daga Afirka, da hannu ma'aikata suke yi mata barbara, har sai 1981 da aka ɗauko wani ɗan ƙwaro daga Kamaru aka saki a gonakinsu, ya karɓi aikin, amfani ya ƙaru.

Akwai amfanin gonar da muke yaɗawa ba ta iri ba: rogo da rake da kara, dankali da yaɗo, doya da gutsure, mangwaro da aure. Ribar ita ce ɗa yana fitowa sak uwarsa. Haɗarin kuma shi ne cutar da ta iya kayar da ɗaya ta iya kayar da duka. Ayabar da ake ci tana da kaso uku na kuromosom, rabon ba ya tafiya daidai, don haka ba ta iri. A shekarun 1950 wata cutar saiwa ta share nau'in ayabar da Amurka ta Tsakiya take fitarwa kasuwannin duniya, dole aka sauya da wani. Ko masu neman rogon da zai jure cuta, sai sun koma ga furensa sun haɗa wannan da wancan kafin su samu sabon nau'i.

Ciyawar wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, da wannan makami take cin gonakin dawa da gero. Furenta mai ruwan hoda ƙwari ne suke yi masa barbara daga wani tsiron zuwa wani, don haka zuriyarta cike take da bambanci, kuma nau'in dawar da ya jure mata yau tana iya samun hanyarsa gobe. Tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubatar iri masu kama da ƙura, suna iya zama a ƙasa fiye da shekara 10. Cire ta bayan ta zubar da iri aikin banza ne. Kafin ta yi fure, ko da zarar ta fara, shi ne lokacin.

Yanzu a koma ga abin da ke lalata kwanakin nan. Na farko fari. Idan ruwa ya ɗauke lokacin da masara ke fitar da kai, kan zai saki bununinsa a kan lokaci, amma gemun, wanda kusan duk ruwa ne, sai ya makara. Bununi yana zuba ne na kimanin mako guda, kuma kowace ƙwaya sa'o'i kaɗan take rayuwa, a rana mai zafi ma ba ta kaiwa haka. In gemu ya fito bayan an gama, babu mai jiran sa. Silin saman goyo su ne na ƙarshen fitowa, shi ya sa can ne aka fi ganin tsiraici. Mai noman rani da ruwansa bai da yawa gara ya tsuke a wani lokaci ya tanada wa wannan mako. Na biyu zafi. Bununin tumatir ba ya jure rana mai haura digiri 35, musamman idan dare ma bai yi sanyi ba. Furen sai ya bushe ya faɗi. Wannan yana cikin dalilan da tumatirin Kadawa da Kura yake cika kasuwa a lokacin sanyi, ya yi wuya idan bazara ta kama.

Na uku kuma da hannunmu muke yin sa, kuma shi ya fi damuna. Furen kankana wuni ɗaya yake yi, da safe yake buɗewa, kuma sai ƙudan zuma sun ziyarce shi sau da dama kafin ya samu bununin da zai cika shi. Wanda bai samu isasshe ba shi ne yake fitowa a karkace, gefe ɗaya a tsuke. Amma da safen nan ne, daidai lokacin da zuma ta cika gona, mai feshi yake goya tankinsa ya shiga. Ba wanda zai ce a daina feshi gaba ɗaya; tsutsar da ke huda furen wake tana iya cinye gona. Sai dai feshin yamma lis, bayan furanni sun rufe zuma ta koma amya, yana kashe tsutsa ya rage kisan masu barbara. Haka nan sanar da mai amya na kusa kafin a yi feshi, da barin 'yan bishiyoyi da ciyayi masu fure a gefen gona inda ƙwarin za su samu abinci a watannin da ba a shuka komai ba. Mai 'yar gonar kabewa a bayan gida da ya ga zuma ta yi ƙaranci yana iya yin aikin da kansa: ya tsinko furen namiji da sassafe, ya cire ganyensa, ya goga kan a tsakiyar furen mace. Idan ta kama, cikin 'yan kwanaki zai ga ƙullutun ya fara kumbura maimakon ya yi rawaya ya faɗi.